Shekarar da Muka Shiga Kwari da Na'ura

Ƙasarmu ba ta da kogi. Duk wanda ya ce maka akwai kogi tsakanin Ɗanzomo da Sule Tankarkar, to bai taɓa zuwa ba. Abin da muke da shi kwari ne a bayan gari, yamma da gonaki. Da damina ruwa yakan bi ta cikinsa da gudu kamar abin kirki, ya kwashi kara da tsummoki da mushen kaji. In kaka ta yi sai ya tsaya, ya rarrabu tafki-tafki a gindin giyayyu, shanu su sha, mata su yi wanki, har rana ta shanye sauran. A nan na wanke tsumman 'ya'yana duka. Ban taɓa zaton zan koma cikinsa da furfurata ina bin wani ƙarfe mai kuka ba.

Ɗana na fari ne ya kawo ƙarfen. Ba zan faɗi sunansa ba, don ban taɓa faɗa ba. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Uwar mijina ce ta yaye shi ta riƙe shi, shi ya sa har yau Yaya yake ce mini, yadda ya ji ƙannen ubansa suna faɗa. Ni kuma "kai" nake ce masa, in ba ya nan in ce "wancan". 'Yan yanzu suna dariyar wannan. Su yi ta yi.

Ya tafi Jado ne, can cikin hamadar Nijar, haƙar zinare, lokacin da samarin ƙasar nan suka haukace da zancen. Ya daɗe. Ranar da ya dawo sai da na sake dubansa kafin in gane shi, wuya kamar sillen kara, tari ba ya barinsa ya ƙarasa gaisuwa. Ɗan maƙwabciyata da suka tafi tare bai dawo ba. Rami ne ya rufta da shi, kuma ɗana ne ya tono shi da hannunsa. Ba daga bakinsa na ji wannan ba, matarsa ce ta gaya mini muna surfe.

Bai zo da zinare ba. Buhu ya zo da shi, a ciki akwai na'urar: sanda doguwa, faifai a gindinta, ɗan akwati a sama, da abin da ake sawa a kunne. In faifan ya bi ta kan ƙarfe, ko yana binne, sai ta yi kuka. Ta ubangidansa ce, wani mutumin Damagaram, ya ba shi ajiya, ya ce in ya gama hidimar gidansa zai biyo ta Maigatari ranar wata kasuwa su koma tare. A can ɗana bai taɓa riƙe ta ba. Shi mai diga ne, inda aka nuna masa nan yake haƙawa.

Tunda ya dawo bai zauna ba. Ya shiga zaure, ya fito, ya duba waya, ya mayar aljihu, ya je bakin titi ya tsaya yana kallon motocin Gumel. Ni ma ban zauna ba, illa dai ni a tsaye nake yin nawa rashin zaman, ina aiki. Wata rana ina shanya kuka a jikin katangar sashensu na ji yana ce wa matar:

"Fatake sun yi shekara da shekaru suna ƙetare kwarin nan da jakuna. Ba yadda za a yi a ce ba abin da ya faɗi. In na samu abin kirki a nan, me zai mayar da ni? In ban samu ba, in ya kira, na tafi."

Ta ce, "Da wannan tarin?"

Ya ce, "Tarin a can na samo shi, ya san hanya."

Wata uwar sai ta shiga ta riƙe masa riga ta ce kada ka tafi. Ni bakina ba a yi shi da wannan ba. Da na yi masa haka, shi ma kunya za ta kashe shi. Abin da na iya shi ne sa ido. Washegari da ya saɓa buhu ya nufi kwari, na ɗauki ƙwarya na bi bayansa.

Ya waiwayo ya ce, "Yaya, ina zuwa?"

Na ce, "Itace."

"Da ƙwarya?"

"Kai aka aika ka tambaye ni?"

Ya juya ya ci gaba da tafiya. Da muka isa ya haɗa na'urar, ya ce in dai zan tsaya kusa, to in cire duk wani ƙarfe da ke jikina, don ita ba ta san na mutum da na ƙasa ba. Na cire awarwaro, na cire zobe, na kwance makullin ɗaki daga bakin zane, na zuba a ƙwarya na ajiye a gaɓa.

Akwai wata 'yar wuƙa. Lokacin da na yi wa ubansa takaba tsofaffi suka ba ni ita, yadda ake ba kowace mai takaba, kada ta fita ba ƙarfe a jikinta. A garinmu kuma mace ba ta shiga bakin ruwa a daji hannu sake, saboda mutanen ɓoye. Liman ya sha faɗa cewa wannan ba shi da asali, na kuma ji shi. Amma takaba ta ƙare ban ajiye ta ba. In zan fita daji nakan ɗaure ta da tsumma a ƙwaurina, ƙarƙashin zane, don hannu ya samu yin aiki. Da ya ce ƙarfe, wallahi ko a raina ban kawo ta ba. Ita ba ado ba ce, ba kaya ba ce. Ta zama kamar ƙashin ƙafata.

Muka gangara. Ruwa ya ja baya, yashi da danshi, sawun shanu ko'ina. Ya fara kaɗa faifan hagu da dama da sauri, kamar mai korar kaji daga shanya. Ni kuma ina gefensa, kafaɗa da kafaɗa, don ina so in ga abin da idonsa ke gani. Bai yi nisa ba sai na ga ya daskare. Ya cire abin kunnen ya miƙo mini. Na ji wani siririn kuka, kamar sauro ya shiga tulu.

Ya jefar da na'urar ya ɗauki shebur. Ya haƙa har gwiwa. Ruwa ya tsattsafo, ya kwashe da kwano, ya ci gaba. Babu komai, ko ƙusa. Ya sake ɗora faifan a bakin ramin, gefen da nake tsaye ina leƙe, ta sake kuka. Ya ce abin ya yi gefe. Ya haƙa gefen.

Haka muka yi ta yi. Kullum da hantsi mu fita, rana ta take mu dawo da laka har cinya. Kullum kuma da bayanin da zai kawo: wai abin yana da zurfi, wai baƙin yashi ne ke ruɗa ta, wai ruwan ƙasa yana tafiya da shi. In na gaji na hau gaɓa na zauna a gindin giyayya, sai in ga yana ta yawo shi kaɗai, kafaɗunsa sun zube, hannu yana kai wa aljihun waya. Sai zaman ya gagare ni, in tashi in gangara. Ina isa kusa da shi sai ta yi kuka.

Shi ya fara lura da haka, amma ta inda bai kamata ba. Ya ce wa matarsa ƙafar Yaya tana da sa'a. Zance ya fita gari, mata suna tsokanata a gidan suna, wai in zo in taka musu tsakar gida. Wata safiya ina ɗaki ina neman mayafi na ji shi a bakin ƙofa:

"Yaya, ba ki shirya ba? Rana tana yi."

Tun da na haife shi bai taɓa tsayawa jirana ba, ban kuma taɓa ba shi dalilin tsayawa ba. Na ce masa, "Wa ya riƙe ka?" Amma mayafin a bai-bai na yafa shi, sai a hanya na gane.

Akwai wata Bafulatana, tsarata, rugarsu tana hayin kwarin. Mun yi shekara da shekaru tana kawo mini nono ina ba ta gero. Ita ce ta ƙetaro wata rana da ƙwarya a ka, tana zagaye ramukanmu tana faɗa tun daga nesa.

"Kai Kaɗo! Gyare ne ku ko mutane? Duk kun huda mashaya. In saniyata ta karye a nan, uwarka zan kora ruga ta maye gurbinta."

Na ce, "Ki kora. Ko tatsa kika yi sai dai ki samu tsami."

Ta matso tana dariya. Ita kuwa ƙafafunta cike suke da mundaye na tagulla, tun na aurenta. Ɗana yana riƙe da na'urar, faifan yana ƙasa. Tana zuwa daf da shi abin ya ƙwalla ƙara har ni da ke gefe na ji, ya fizge abin kunnen yana murza kunnuwa. Ta yi tsalle baya, nono ya fantsama.

"Me na yi masa?"

Ya ce, "Mundayenki ne, Gwaggo. Ki ja baya kada ki kurmantar da ni."

Suna ta dariya. Ni ban yi ba. Ina tsaye sai na ji tsumman da ke ƙwaurina ya yi nauyi kamar an ɗaura mini dutsen niƙa. Na dubi ramukan nan ɗaya bayan ɗaya. Kowane rami, a bakinsa akwai sawun ƙafata.

Amma ban tabbata ba tukuna. Ranar Juma'a da ya tafi masallaci na kira matarsa zaure na ce ta kunna mini abin, tunda ta ga yadda yake yi. Ta kunna. Na juya mata baya na kwance wuƙar, na kai ta kusa da faifan. Kukan nan ne, shi ɗin dai, na sauro a tulu. Na janye, ta yi shiru. Na mayar, ta yi.

Yarinyar ta zauna a ƙasa daɓas. Ta daɗe tana kallon wuƙar. Sannan ta kama gefen zanena, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Inna, don Allah kada ki faɗa masa. Ba ƙarya za ki yi ba, shiru kawai za ki yi. Ki bari mutumin Damagaram ɗin nan ya zo ya wuce. In ya wuce sai ki faɗa."

Na ce, "Sakar mini zane."

Ta saka. Amma maganarta ba ta sake ni ba. Yinin nan na share tsakar gida, na sake sharewa. Na ɗauko geron da ba a buƙata na surfa. Na je gidan maƙwabciyata, wadda ɗanta ya kwanta a hamada, na tarar tana kaɗi ita kaɗai, muka gaisa, na kasa zama, na fito. Ni da ban taɓa barin yaro ya ɓoye mini ko ƙwayar gyaɗa ba, ga ni ina auna shiru. Kuma ba yarinyar kaɗai ke so ba. Ni ma ina so. Ina son ya ci gaba da tsayawa a ƙofata yana cewa rana tana yi.

Da safe na ɗaura wuƙar kamar kullum. Ban yanke komai ba, hannuna ne ya yi abin da ya saba. Muka gangara wajen wata kwana inda gaɓa ta yi tsawo. Na ja baya da gangan, amma ya ce, "Matso mana, Yaya." Na matso. Ta yi kuka. Ya ce yau ba zai bar shi ba ko zai kai ƙarshen duniya. Ya haƙa har gwiwa, ya haƙa har ƙugu. Yashin jiƙaƙƙe ne. Ina tsaye a kansa ina jin tarinsa yana fitowa daga rami, sai na ga gefen ramin ya tsage, wani ɓangare ya zame a hankali ya rufe masa ƙafafu har sha-raɓa. Bai ma kula ba. Ya zaro ƙafa ya ci gaba.

Na ce, "Kai, fito."

"Saura kaɗan."

"Na ce ka fito."

Ya fito yana haki. Na ce ya ɗauki na'urar ya sa a kunne. Sannan na yi abin da uwa ba ta yi a gaban ɗan fari: na ɗaga zanena zuwa gwiwa, na kwance tsumman a gabansa. Ya kawar da kai. Na ce, "Duba nan." Na kai wuƙar bakin faifan, na ga fuskarsa ta motsa. Na wurga ta can kan gaɓa. Na ce, "To, sake gwada ramin naka."

Ya gwada. Ya zagaya shi. Ya je ramin jiya, ya je na shekaranjiya. Ya dawo ya tsaya.

"Tun yaushe take jikinki?"

"Tun mutuwar ubanka."

"A'a, tun yaushe kika sani?"

"Jiya."

Na zaci zai yi faɗa, ko ya yi dariya. Bai yi ko ɗaya ba. Ya zauna a kan tulin yashi ya dafe kai, ya ce, ba da ni yake ba, "Ashe duk kwarin nan babu komai."

Na ce, "Wa ya gaya maka? Ai ba ka duba kwarin ba tukuna. Ni ka yi ta dubawa. Tashi ka rufe ramukan mutane."

Yinin ranar da wanshekare rufe ramuka muka yi, shi da shebur, ni da ƙafa ina daddanna. Bai jira ni a ƙofa ba bayan nan. Da na ji fitarsa na tsaya a ɗaki da wuƙar a hannu. In na ɗaura ta, sai dai in zauna can nesa a gaɓa kamar baƙuwa. In na bar ta, in shiga ruwan daji ba ƙarfe, abin da ban yi ba tun ina da sauran haƙora. Na sa ta a saman katanga, na yi bisimilla, na fita. Duk hanya ƙafar nan tana mini sanyi kamar ba zane a kanta.

Daga nan ne muka fara koyo, mu biyu, ba wanda ya fi wani. Da kukan ƙarya ya ɗauke, sai ya gane saurin da yake yi ya yi yawa. Ya rage. Ya riƙa tafiya da faifan daf da yashi, a hankali, kamar mai shafa kan jariri. Muka daina bin tsakiyar kwari, don mun ga can ruwa ke gudu, ba ya barin komai. Abu mai nauyi a cikin kwana yake kwanciya, da bayan saiwar giyayya, da inda yashi ya ƙare laka ta fara. Muka gane kuma ba a haƙa rami mai zurfi a jiƙaƙƙen wuri: ka ɗebo yashin a kwando, ka girgiza shi cikin ruwa, abin da ya rage ka duba. Kwandon aikina ne. Mun samu murafun lemo ba iyaka, da matattun batura, da ƙusoshi, da bakin fartanya, da cokali. Ran nan muka samu anini mai huji, ya yi baƙi ƙirin. Ya goge shi a riga ya daɗe yana juya shi. Ba abin kirkin da yake nufi ba ne, ni ma na sani.

Bafulatanar nan da ta ga mun rufe ramuka sai ta sauko da murya. Ta ce 'yarta ta yar da ɗan kunnen azurfa a mashaya tun bara, na kakarta ne, har yau in an tuna sai yarinyar ta yi kuka. Ta nuna wajen da hannu daga nesa, ta ce ba za ta matso ba kada abin ya sake zaginta. Mun sha wuya a wurin nan, don shanu sun tattake shi, kwando ya fi cika da murafu. Da ɗan kunnen ya fito a cikin kwandona ban gane shi ba, na zaci saiwa ce ta nannaɗe. Shi ya ɗauka ya wanke. Matar ta karɓa ta yi ta magana da Fulatanci, ta manta da mu, sannan ta juyo ta ce masa, "Kaɗo, ashe kana da amfani." Na ga haƙoransa a waje. Bayan kwana kaɗan wani mai lambu daga wajen Gagarawa ya aiko, wai ya binne bututu ya manta layinsa.

Ana cikin haka mutumin Damagaram ya kira. Muna cikin kwari, ƙafafunmu a ruwa. Ya hau gaɓa ya amsa, ya dawo ya ce, yana kallon faifai, "Alhamis zai iso Maigatari."

Na girgiza kwandona har ruwan ya yi fari. Maganar tana nan a maƙogwarona, ta ƙi fita ta hanyar da ta wasu ke fita. Abin da na iya cewa shi ne, "Ba a gama kwarin nan ba. Ko rabi ba a yi ba."

Ya ce, "Na sani, Yaya."

Ranar Alhamis da sassafe ya sa na'urar a buhu ya hau babur. Bai ɗauki jakar kayansa ba, na duba. Amma wancan karon ma ba da jaka ya tafi ba. Matarsa ta shige ɗaki ta rufe. Ni gidan ya yi mini ƙunci. Na fita ba ƙwarya, ba wuƙa, na tafi kwari ni kaɗai. Na bi shi daga mashaya har kwanar da gaɓa ta yi tsawo, na dawo, na sake komawa. Duk ƙarar babur da ta taso daga titi sai na tsaya har ta ɓace. Na yi azahar a gindin giyayya, na yi la'asar a nan.

Rana ta yi ja na dawo gida na tarar da buhun a zaure. Shi kuma yana tsakar gida a tsugune, yana ɓare sababbin batura daga leda, yana tari.

Ya ce, "Mutumin ya ce in riƙe ta zuwa wani zuwan. Ya samu wasu yaran."

Na ce, "Ka bar babur a hanya, ƙofa ba ta rufu ba, awaki za su shigo."

Ya tashi ya gyara.

Wani zuwan dai yana nan, ba a soke shi ba. Mutumin yana kira jifa-jifa, in wayar ta yi ƙara ina tsakar gida sai in ga na tsaya da abin da ke hannuna. Ranar Alhamis har yanzu ba na iya zama. Wuƙar tana saman katanga, ta fara tsatsa. Ruwan bana ya sauya wa kwarin kwanciya, ya tone wata saiwa da ba mu taɓa dubawa ba, na nuna masa ita tun kafin ruwa ya ja.